Wanda zai hura wa kifi iskar kabon ya fara sanin karkatar ma'auninsa

Akwai wata sha'awa da ta yi ƙarfi a Holan da Jamus da Japan kafin ta bazu duniya, wato shuka lambu a ƙarƙashin ruwa. Tankin gilashi ake zuba wa ƙasa, a jera duwatsu da saiwoyin itace, a dasa tsirran ruwa, sannan a saki ƙananan kifaye su riƙa yawo a tsakaninsu. Wanda ya fi kowa ɗaukaka wannan aiki shi ne Takashi Amano, mutumin Niigata a Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. Ya rasu a 2015, 'yan watanni bayan an buɗe aikinsa mafi girma a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, tanki mai tsawon mita 40 da ke cin ruwa lita 160,000. Abin da ke sa ganyen irin waɗannan tankuna ya yi kore shar, ya cika fal, shi ne iskar kabon-dayoksaid, wato CO2, da ake hura wa ruwan daga tukunyar gas. Amano da kansa ya ba da labarin cewa da ruwan soda na kwalba ya fara gwadawa, ya ga ganye ya farfaɗo. Yau kuwa tukunya da bututu da bawul sun zama kayan da ake sayarwa a ko'ina, har wanda bai taɓa kiwon kifi ba yana iya yin odarsu ta waya. Sai dai iskar nan ido ba ya ganinta a cikin ruwa, kuma a cikin ruwan akwai mai rai da ba shi da wurin gudu.

Duk inda masu wannan harka suka haɗu, adadi ɗaya ne ke fitowa daga bakinsu: miligiram 30 na CO2 a kowace lita. An maimaita shi har ya zama kamar wani abu ne da ake karantawa a fuskar agogo, alhali kuwa kusan duk kayan awon da ke hannun mai tanki a gida ba CO2 suke aunawa ba. Tsamin ruwa suke aunawa, daga nan a yi ƙiyasi. Wannan ba aibi ba ne a kansa, domin ilimin kimiyya cike yake da awon da ake yi ta bayan gida. Aibin yana ga mantawa da cewa ƙiyasi ne. Abin da nake ganin ya wajaba a kan duk wanda ya buɗe wa tanki gas shi ne ya auna, kuma ya san ta wane ɓangare kowane ma'auni yake karkata in ya yi kuskure, sannan ya jingina da wanda kuskurensa zai ci ganye, ba wanda zai ci kifi ba. Wanda ba shi da lokaci ko haƙurin yin haka, barin tukunyar ya fi masa, kuma tankinsa ba zai rasa kyau ba.

Ya kamata a fara yi wa masu hura gas adalci, domin suna da hujja. In aka busar da tsiro aka auna, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa kabon ne, kuma daga CO2 yake samo shi in haske ya sauka masa. Tsiron tudu bai san wahalar wannan ba, iska ce ke kawo masa har bakin ganye. Na cikin ruwa kuwa yana fama da abu biyu. Na farko, ruwan da ya zauna ya daidaita da iskar sararin yau, wadda ke ɗauke da CO2 kimanin kashi 420 cikin miliyan, abin da yake riƙewa kimanin miligiram 0.6 ne kawai a lita. Na biyu, iskar tana ratsa ruwa da jinkirin da ya ninka na sarari kusan sau 10,000, don haka ganye kan cinye ɗan abin da ke manne da fatarsa ya zauna jiran wani. Kuma ba gaskiya ba ne cewa a daji tsirran nan da wannan 'yar kaɗan suke rayuwa. A 1994 Jonathan Cole da abokan aikinsa sun buga binciken tafkuna 1,835 na sassan duniya a mujallar Science, suka nuna cewa kashi 87 cikin 100 na samfuran suna ɗauke da CO2 fiye da abin da iskar sarari za ta ba su, saboda ruɓewar ganye da numfashin ƙananan halittu. Ƙoramun da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa sun ma fi haka. Ashe mai ƙara wa tankinsa gas ba wani baƙon abu ya ƙirƙiro ba. Tambayar ita ce nawa, kuma ta yaya ya sani.

Abin da ya sa tambayar ta yi nauyi shi ne yadda jikin kifi yake aiki. Mutane da yawa suna zaton CO2 korar oksijin take yi daga ruwa. Ba haka ba ne. Ruwa yana iya cika da oksijin kuma ya cika da CO2 a lokaci guda, kifi ya galabaita a cikinsa. Kifi yana fitar da CO2 na jininsa ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, kuma fitar tana yiwuwa ne saboda na cikin jini ya fi na cikin ruwa yawa. In na ruwa ya hau, hanyar fita ta ƙuntata, jinin ya yi tsami, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini ya rage riƙo. Christian Bohr ya bayyana tushen wannan tun 1904, sannan a 1931 R. W. Root ya nuna cewa a jinin kifaye da yawa abin ya fi tsanani, domin jinin da ya yi tsami ba ya iya cika da oksijin ko da an wadata shi da ita. Shi ya sa ake amfani da CO2 wajen sumar da kifi. Shi ya sa kuma masu kiwon kifin salmon a Norway suke ƙoƙarin riƙe ruwansu ƙasa da miligiram 15 a lita, rabin adadin da masu tankin ado suka mayar da shi ƙa'ida. Salmon kifin ruwan sanyi ne mai laushin hali, ba za a kwatanta shi da tarwaɗa mai shaƙar iska a sama ba, ba kuma za a ce abin da ya dame shi dole ya dami kowane ƙaramin kifin ado ba. Amma wannan bambancin kansa ya isa ya nuna cewa babu adadi ɗaya da ya dace da kowane kifi.

Hanyar awo mafi tsufa ita ce ta jadawali. Ana auna abu biyu: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da KH, wato yawan gishirin kabonet da ke kashe tsami. Duk mai girki ta san cewa miyar da aka sa wa kanwa tana buƙatar yakuwa mai yawa kafin tsami ya fito, wadda ba a sa wa ba kuwa ɗan kaɗan ya ishe ta; KH shi ne kanwar ruwan, CO2 kuma ita ce yakuwar. In an san yawan kanwar, an kuma ɗanɗana tsamin, ana iya lissafa yawan yakuwar. Lissafin da ake yi shi ne a ninka KH sau 3, sannan a ninka da 10 sau ɗaya a kan kowane maki ɗaya da pH ya sauka ƙasa da 7. Ruwa mai KH 4 da pH 6.6 yana ba da miligiram 30 cif. To amma a duba abin da ke faruwa in ido ya ɗan kauce. In ainihin pH ɗin 6.8 ne, CO2 miligiram 19 ne. In 6.4 ne, ya kai 48. Tazarar 0.2 sama ko ƙasa ke nan, kuma mai gwada ruwa da ɗigon launi, yana kwatanta kwalba da takarda a ƙarƙashin fitilar ɗaki, da wuya ya rantse cewa bai kauce da wannan ba. Na'urar pH ta lantarki ta fi ido, amma ita ma tana zamewa in an daɗe ba a daidaita ta da ruwan gwaji ba. Haka awon KH: kowane ɗigo maki ɗaya ne, don haka a ruwa mai laushi, tsakanin a ce 2 da a ce 3 akwai bambancin rabi a sakamakon ƙarshe.

Jadawalin yana da wani lahani da ya fi wannan zurfi, domin an gina shi a kan cewa CO2 ce kaɗai ke kawo tsami a ruwan, kabonet ne kaɗai ke kashe shi. Tankin tsirrai kuwa kusan bai taɓa cika wannan sharaɗi ba. Saiwar itacen da aka sa don ado tana sakin asid, busasshen ganye haka, ƙasar musamman da ake sayarwa don dasa tsirran ruwa an yi ta ne ma don ta sauke pH, ga kuma asid ɗin da ƙwayoyin cikin matata ke samarwa yayin da suke sarrafa kashin kifi. Tankin da ba a taɓa hura wa gas ba yana iya nuna KH 3 da pH 6.0, jadawali ya ce akwai miligiram 90 a ciki, alhali kifi yana iyo lafiya lau, ganye kuma yana yunwa. Wannan kuskuren, in an lura, ba ya kashe kifi, tunda ƙara adadin yake yi, ba ragewa ba. Illarsa ita ce yana koya wa mai tanki raina jadawalin gaba ɗaya, har ranar da jadawalin zai faɗi gaskiya ya ƙi saurara.

Don a kauce wa wannan ne aka fito da 'yar kwalbar nan da ake liƙawa a jikin gilashi daga ciki, wadda masu harkar ke kira dirof-ceka. Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma ta cancanci a yaba mata. A cikin kwalbar akwai ruwa mai tsabta da aka haɗa shi a kan KH 4 daidai, da sinadarin launi mai suna buromotaimol, wanda yake shuɗi in pH ya kai 7.6, ya koma rawaya in ya sauka zuwa 6.0. Tsakanin wannan ruwa da ruwan tanki akwai 'yar iska da ta raba su, don haka asid ɗin itace da na ƙasa ba sa tsallakawa, CO2 kaɗai ke ƙetarawa. In launin ya zama kore, pH na cikin kwalbar ya kusa 6.6, wato wajen miligiram 30. Amma wannan 'yar iskar da ta ba ta gaskiya ita ce kuma ta ba ta nawa. Kafin launi ya kama abin da ke cikin tanki akan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Koren da mai tanki ya gani da azahar labarin hantsi yake ba shi, kuma in bawul ya kwance gas ya yi ta kwarara, kifi zai riga kwalbar sanin abin da ake ciki. Sannan kore ba launi ɗaya ba ne; daga mai duhu zuwa mai hasken lemun tsami akwai tazarar da ta kai ninki biyu na gas, ga ganyen bayan kwalbar da fitilar tanki suna rikita ido. Mafi haɗari duka shi ne abin da ake zubawa a ciki. Wasu kwalaben suna zuwa da umarnin a cika su da ruwan tanki. In ruwan nan mai KH 10 ne, kamar yadda ruwan rijiyoyin burtsatse da yawa kan kai, launin ba zai zama kore ba sai CO2 ta kai miligiram 75. Mai tanki zai yi ta buɗe bawul yana neman kore, yana ganin kansa mai bin ƙa'ida. Wannan kuskure ne da ke faɗawa kan kifi kai tsaye, kuma ba a ganin alamarsa a jikin kwalbar.

Ƙirga kumfa a daƙiƙa kuwa ba awo ba ne ko kaɗan. Girman kumfar ya danganta da bututu da matsin gas, kuma abin da ya shiga bututu ba shi ne abin da ya narke a ruwa ba. Amfaninta ɗaya ne, ta nuna wa mai tanki cewa abin da ya saita jiya bai canza yau ba. Akwai kuma kayan gwajin da ake ɗiga sinadari har ruwa ya yi ja-ja, amma su ma duk wani asid suna ƙirga shi a matsayin CO2. Na'urorin da ke auna iskar kai tsaye suna nan, manyan gonakin kifi da ɗakunan bincike na amfani da su, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tanki a falo.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta faɗuwar pH, kuma dalilina ba wai ta fi sauran daidai ba ne. Ana ɗebo ruwan tanki a kofi, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, ko a hura masa iska, har gas ɗin da ke ciki ya fice, a auna pH. Sai a auna na tankin lokacin da gas ya kai ƙololuwa. In bambancin maki ɗaya ne cif, CO2 ta ninka sau 10. Tunda ruwa ɗaya ne a kofi da tanki, asid ɗin itace da kuskuren KH duk sun soke kansu, ko na'urar ta ɗan zame ma, zamewar tana kan awon biyu. Rauninta yana wurin tambayar: ninki 10 na me? Masu harkar sun saba ɗauka cewa ruwan kofin yana riƙe da miligiram 3, shi ya sa suke cewa faɗuwar maki ɗaya daidai take da 30. Amma an riga an ga cewa ruwan da ya daidaita da iskar waje 0.6 yake riƙewa, na rufaffen ɗaki mai mutane kuma yana iya kai 1.5 ko sama. Ke nan faɗuwar maki ɗaya tana iya zama miligiram 6, ko 15, ko 30. Wannan tazara ce babba, ban kuma ɓoye ta ba. Abin lura shi ne inda ta karkata. In an bar kofin ya huce sosai, mai tanki zai yi zaton yana da gas fiye da abin da yake da shi, ya tsaya da wuri. Asararsa ita ce ganye ya yi jinkirin girma, ko gansakuka ta ɗan samu dama. Wannan asara ce da ake gyarawa a mako biyu. In aka haɗa wannan hanya da 'yar kwalba mai ruwan KH 4 na gaskiya, an sami shaidu biyu da ba su dogara da juna ba. In suka saɓa, a bi wanda ya ce gas ya yi yawa har a gano dalilin saɓanin. Kuma a auna sau da yawa a yini ɗaya, tun kafin fitila ta kama har ta mutu, domin abin da ake nema shi ne a ga adadin ya hau ya tsaya, ba ya yi ta hawa har yamma ba.

Za a ce, ai ƙwararru ba sa wahalar da kansu da wannan lissafi, kifi da ganye suke kallo: a yi ta ƙara gas kaɗan-kaɗan har kifi ya fara haki a saman ruwa, sai a ɗan rage. Gaskiya ne cewa idon da ya daɗe a kan tanki yana ganin abin da na'ura ba ta gani, kuma babu awon da zai maye gurbin zama a kalli kifi a ranar da aka taɓa bawul. Amma a mayar da hakin kifi ma'auni, wannan ban yarda da shi ba. Kifin da ya hau sama yana buɗe baki ya riga ya shiga wahala, kuma wanda aka ajiye ɗan ƙasa da wannan iyaka kullum, awa takwas a yini, ba a san abin da yake ji ba don kawai bai kife ba. Dabbar da mutum ya tsare a gilashi don jin daɗin idonsa amana ce a hannunsa. Ban da haka, iyakar ba a wuri ɗaya take ba. Kifin da ya saba da gas a hankali jikinsa yana daidaita tsamin jininsa, sabon da aka kawo jiya daga shago kuwa bai yi wannan sabon ba, sai a ga tsofaffi suna iyo, baƙo yana kwance a ƙasa. Manyan kifaye sukan riga ƙanana galabaita. Mai kallo kaɗai ba zai san nisan da ke tsakaninsa da bakin rami ba sai ya kai.

Za a kuma ce, dubban mutane a Turai da Asiya suna riƙe da tankunansu a kan 30 shekara da shekaru, kifayensu har ƙwai suke yi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, amma ya kamata a tambaya ko 30 ɗin da suke faɗa ita ce a cikin ruwan, tunda an ga yadda jadawali da faɗuwar pH duka sukan ƙara adadin. Mai yiwuwa da yawansu a ƙasa da haka suke zaune ba su sani ba, kuma abin da ya tsare kifayensu ke nan. A Jamus ma ana sayar da ruwan 'yar kwalbar iri biyu, mai yin kore a 20 da mai yin kore a 30, wanda ke nuna cewa ko a cikin masu harkar ba a haɗu a kan adadi ɗaya ba. Sannan tankunan nan galibi a ɗakuna masu sanyi suke, ana riƙe ruwansu a wajen digiri 24 ko 25. Ruwa a digiri 25 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 8.3 a lita. A digiri 30 ya sauka zuwa 7.6, a 35 yana wajen 7, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta saboda zafi yana hanzarta komai a cikinsa. Wanda ya kafa irin wannan tanki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda ruwan da ke ajiye a ɗaki kan haura digiri 30 a watan Afrilu, ba zai ɗauki adadin da aka gwada a Hamburg ya ɗora wa kifinsa haka kawai ba. Jinin da CO2 ta rage wa riƙo, a ruwan da oksijin ɗinsa ya ragu, a jikin da buƙatarsa ta ƙaru: abu uku ne suka haɗu a kan rai ɗaya.

Wutar lantarki ma tana cikin lissafin, kuma nan ne bambancin kayan aiki yake fitowa fili. Tukunyar da ke da bawul na lantarki tana rufe kanta in an ɗauke wuta, wannan alheri ne. Amma hanyar da mai ƙaramin ƙarfi ya fi saurin kamawa, wato jarkar sukari da yis, ba ta san dare ba, ba ta san ɗaukewar wuta ba, kuma zafi ƙara mata ƙarfi yake yi. In wuta ta tafi, fitila ta mutu, ganye ya daina cin CO2 ya koma fitar da ita kamar kowane mai numfashi, matata ta tsaya, fuskar ruwa ta kwanta, jarka kuwa tana ci gaba da aikinta. Masu kiwon kifi a kududdufi sun san ƙanwar wannan matsala, domin sun san cewa a ruwan da ya yi kore da asuba kifi ke taruwa a sama, lokacin da oksijin ta ƙare CO2 ta taru. Na'urar da ke buɗe gas da rufe shi bisa pH, wadda wasu ke ɗauka ita ce ƙarshen magana, tana da nata tarkon. An saita ta a 6.6 lokacin da KH yake 4. In wani dutse mai farar ƙasa a cikin tankin ya yi ta narkewa, ko aka yi ta cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan burtsatse, KH ya kai 8, na'urar za ta ci gaba da riƙe 6.6 da aminci, ta hanyar zuba miligiram 60. Ba ta lalace ba, abin da aka ce ta yi take yi. Shi ya sa mai ita ma bai tsira daga auna KH lokaci-lokaci ba. Abin da ya fi kowace na'ura tsare kifi shi ne motsin fuskar ruwa. Masu tsimin gas sukan kwantar da ita don kada iskar ta gudu, amma ruwan da fuskarsa ke motsi yana shan oksijin, kuma yana zubar da CO2 gwargwadon yawanta, don haka adadin yana hawa ya tsaya a wani matsayi maimakon ya yi ta taruwa. Gas ɗin da aka yi asara ta nan kuɗin tsaro ne, kuma mai arha.

Saura masu cewa a bar gas ɗin gaba ɗaya. Da su ba ni da faɗa sosai. Diana Walstad, a littafinta na 1999 kan yanayin rayuwar tankin tsirrai, ta nuna yadda ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, da abincin kifi, da matsakaicin haske suke samar da kabon da zai riƙe tanki ba tare da tukunya ba. Tsirrai irin su Vallisneria da Egeria suna iya ciro kabon daga bayikabonet na ruwa mai tauri, har akan ga farin ɓawo a ganyensu sakamakon haka. Wasu daga cikin tsirran da suka fi farin jini a shagunan Tokyo da Berlin ma daga yankinmu aka ɗebo su: Anubias na ƙoramun kudancin Najeriya da Kamaru, mai girma a hankali a inuwa, wanda ba ya neman komai, da bado, wanda ake sayarwa can da tsada saboda jan ganyensa, kuma da zarar ya kai ganye saman ruwa ya huta da neman kabon a ƙasa. Kainuwa kuwa daga sarari take shaƙa tun farko. Mai fara wannan sha'awa a ƙasa mai zafi da wutar da ba ta da tabbas, da waɗannan ya kamata ya fara. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne in suka ce hura gas zalunci ne a kansa. Akwai tsirrai masu laushi, irin masu shimfiɗuwa a ƙasan tanki da masu jan ganye sirara, da ba sa yin kyau sai da shi, kuma miligiram 10 zuwa 15 da aka riƙe daram, da haske daidai gwargwado, ya riga ya ninka abin da tanki ke samu da kansa sau da yawa. Yawancin buƙatar kaiwa 30 daga fitila mai tsananin haske take tasowa. In an rage hasken, yunwar ganyen ta ragu.

Masu sayar da kayan nan suna da kaso a wannan nauyi, domin sabon shiga abin da aka miƙa masa a shago shi yake ɗauka. Bai kamata a sayar wa mutum tukunya da bawul ba tare da abin awo ba, kuma bai kamata a sayar da 'yar kwalba ba tare da ruwanta da aka rubuta KH ɗinsa da adadin da yake yin kore a jiki ba. Takardar da ke cewa a cika kwalbar da ruwan tanki ya kamata a cire ta daga kwalin. A gaya wa mai saye cewa ruwan kwalbar yana tsufa, ana canza shi duk bayan 'yan makonni. Cewa ruwan burtsatse da aka ɗebo yanzu yakan zo da tasa CO2, don haka pH ɗinsa na gaskiya sai ya kwana a buɗe ake saninsa. Cewa gas ana buɗe shi awa ɗaya ko biyu kafin fitila, a rufe kafin ta mutu. Kuma cewa ranar da zai taɓa bawul ta zama ranar da yake gida tun safe har dare, ya juya shi kaɗan, ya bar kwana biyu ko uku kafin ya sake taɓawa.